Kwalin Tica Haruna Yana Ƙarƙashin Gadona

Ramatu, bar keken ɗinkin nan ki zo. Yanzu nake so, ba anjima ba. Mai rigar ta jira, ai ba yau ne bikinta ba. Tura ƙofar, ki ɗauko biro da takarda, ki zauna nan bakin gado kusa da ni, don ba zan ɗaga murya ba. Ke kika yi makaranta, ni ban yi ba. Abin da na faɗa shi za ki rubuta, kada ki gyara mini, kada ki rage. Gobe Laraba ne addu'ar bakwai ta Tica Haruna, kuma akwai maganar da in ban fitar da ita yau ba, ban san da wace fuska zan zauna cikin mata ba. Tun ranar Lahadi take cina.

Fara da sunana. Ni ce Zenabu mai koko, ta gidan hayar nan na bayan babbar gota, magudanar ruwan nan, a unguwar Maamobi. Sai ki rubuta wannan, ki rubuta shi yadda kowa zai gane: na ɗauki abu daga ɗakin mamaci tun ba a raba gado ba. Kwali ne, mai faɗi, marar tsawo. Yana nan ƙarƙashin gadon da kike zaune a kai. Kada ki zabura haka, ki ja ƙafarki dai kada ki shure shi. Na haura saba'in a duniya, ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba, yau ga ni da kayan magada a ɗakina. Zan faɗi yadda aka yi. Amma sai kin fara rubuta ko wane ne mutumin, don wanda bai san shi ba ba zai gane abin da ya kai hannuna ba.

Ranar Alhamis da safe labarin ya same ni a bakin tukunya. Kin san lokacin kwana biyu ke nan da aka kai shi asibiti saboda ƙirjinsa. Ina cikin zuba wa wani direban tirotiro, motar hayar nan, koko, sai ga mai gidan hayarmu ya tsaya a gabana, ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Mma Zenabu, rufe tukunyar nan." Na ce, "Wa?" Ya ce, "Tica." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ludayin na hannuna, koko na zuba a ƙafata, ban ji zafi ba sai can da rana. Na ce wa matan da ke tsaye kowa ta ɗiba sadaka. Kofinsa na silba, wanda yake barin mini don kada in zuba masa a leda, yana rataye a ƙusa. Har yanzu yana nan, na kasa sauke shi.

Shekara goma sha tara muna gida ɗaya. Ɗakinsa da nawa bango ne ya raba. Shi malamin zane ne a makarantar gwamnati har ya yi ritaya, amma mu nan Tica kawai muke ce masa. Farkon saninmu abin kunya ne a gare ni. Satin da suka tare, matarsa Lariba ta share ɗaki ta kawo mini tarin takardu, kamar yadda kowa yake yi, in riƙa ƙunshe ƙosai. Washegari ya zo ya sayi ƙosai, na ƙunshe masa, ya tafi. Bai kai ƙofar gida ba ya dawo. Ya buɗe takardar a gabana, ashe zanen akuya ne da ya yi a jiki, mai duk ya jiƙe ta. Na ce shi ke nan, yau zan sha faɗa a gaban mutane. Sai ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Mma Zenabu, shekara biyu akuyar nan ba ta ci komai ba, Allah ya saka miki da alheri." Daga nan bai ƙara ko ɗaga maganar ba. Sai dai ya koya mini, ya ce in na ga takarda mai kauri mai kaushi, in shafa da yatsa. In launi ya biyo yatsan, to ba ta ƙosai ba ce.

Fensir ɗinsa ba irin na 'yan makaranta ba ne. Ice ne a waje, amma cikinsa kamar alli, mai taushi, kowane da launinsa. Fastel yake ce masa. Yana ajiye su a wani tsohon gwangwanin biskit, ya shimfiɗa musu auduga don kada su karye, kamar mai renon ƙwai. Ba ya fere su da abin fere fensir, sai da reza, a hankali, yana cije leɓe. In ya zana layi sai ya sa ƙaramin yatsansa ya murza, launin ya baje, abin da yake layi ya zama kunci ko inuwar bango. Shi ya sa yatsan nan nasa bai taɓa zama launi ɗaya ba. Lariba takan ce, "Tica, kai dai ko wankan gawa ba zai fitar da shuɗin nan ba." Ya ce, "To ki faɗa musu su bar shi." Da wasa suke yi. Allah ya jiƙansa.

Ba ya hura wa zane iska. In gari ya taru a kai, sai ya ɗaga takardar ya ɗan bubbuga bayanta. Ya ce, "Ba a hura masa, Mma. Bayansa ake bugawa, kamar jaririn da ya sha nono." Ni da na yi reno na gane wannan.

Rubuta maganar magani, kada in manta. Lokacin da aka ce ina da hawan jini, an ba ni ƙwaya iri uku a asibiti, kowace da rubutu a jikin ledarta. Ni ina zan san rubutu? Na ji kunyar tambaya kullum, sai na riƙa haɗa su ina sha yadda na ga dama. Rannan jiri ya kwashe ni a bakin famfo. Tica bai yi mini faɗa ba, bai kuma ce don me ban tambaya ba. Ya karɓi ledojin ya duba, ya shiga ɗaki, ya fito da takarda. Ya zana rana tana fitowa ja a bayan tukunyar kokona, ya sa farar ƙwaya ɗaya a gefenta. Ya zana rana a tsaka da kwanon waake, shinkafa da waken nan, ya sa mai ruwan ɗorawa. Ya zana hasumiyar masallacinmu da sama mai ruwan goro, wato magariba, ya sa ƙaramar. Ga ta can a bango, cikin leda, ɗaga kai ki gani. Ya ce, "Wannan ma karatu ne, Mma Zenabu, kuma ke kin iya shi." Shekara shida ban ƙara kuskure ba. Ban taɓa samun wanda ya rufa mini asirin jahilcina kamar bawan Allahn nan ba.

To, ga babbar maganar. Ki riƙe biron da kyau.

Ke ba ki san 'yata Adiza ba, kina ƙarama a Kotobabi lokacin. Ita kaɗai Allah ya bar mini, ita ma ya karɓi abarsa tana da ƙuruciya. Ta bar mini Safiya tana shekara biyu, ni na goya ta. Hoton Adiza guda ɗaya ne tak, na ranar aurenta, yana cikin akwatin ƙarfe. Shekarar da gota ta cika ruwa ya shigo gidan nan har gwiwa, akwatin ya kwana cikin ruwa. Da na buɗe, takardar ta zama kamar tuwo. Tun su Tica ba su tare ba aka yi wannan.

Safiya ta girma, ta yi aure a unguwar Madina ta nan garin, yanzu ga ta da ciki tsoho. Bayan ƙaramar salla ta zo gaishe ni, tana zaune inda kike zaune, ta ce, "Kaka, wai da wa mamana ta yi kama? In na haifi mace ina so in san ko ita ce ta dawo." Ramatu, na buɗe baki in faɗa, na rasa. Na rufe ido in ga fuskar 'yata, sai in ga ɗankwali, in ga wuya, in ji muryarta, amma tsakiyar fuskar babu. Ni da na haife ta, ni da na wanke ta. Na ce wa Safiya, "Kyakkyawa ce," na tashi na shiga bayi don kada ta ga idona.

Washegari Tica ya zo karɓar koko, ya dube ni, ya ce, "Mma, yau kokon da gishiri ne? Na ga ruwan ido na neman faɗawa ciki." Na faɗa masa. Ya karɓi kofinsa ya tafi. Bayan la'asar ya fito da benci baranda, ya ɗora katako a cinyarsa da takarda mai ruwan toka, ya buɗe gwangwanin nan, ya ce, "Zo ki zauna. Mu nemo ta."

Na ce, "Tica, yaya za ka zana wadda ba ka taɓa gani ba?"

Ya ce, "Ni hannu ne kawai. Ke ce idon. Hancinta, a duk layin nan, na wa ya fi kama da shi?"

Haka muka fara, da aro. Goshi muka ara wajen Safiya. Hanci wajen wata 'yar Kusasi mai kawo mini gero. Kunne kuwa, na ce sak na Maame da ke bakin titi, mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye. Tica ya tafi ya tsaya gaban teburinta yana kallon gefen kanta, ya daɗe. Matar ta juyo ta ce, "Ei Tica! Dokunu kake so ko ni? Matarka ta sani?" Ya ce, "Kunnenki na zo aro, Maame, gobe zan dawo miki da shi." Ta ce, "Yoo, amma na hagu kaɗai, na dama ina jin ciniki da shi." Sati guda ana wannan dariyar a layi.

Wata uku muna wannan aiki, kusan kullum, tsakanin la'asar da magariba. Ba ya yi in rana ta faɗi, wai hasken ƙwan lantarki maƙaryaci ne. Lariba takan zauna gefe tana tsince shinkafa, tana ce masa, "Tica, ka bar tsohuwar nan ta huta." Ita ce kuma take kawo mana ruwa. Sau nawa ya gama ya juyo mini da katakon in ce, "Ba ita ba ce." Wallahi ni kaina na gaji da kaina. Shi ko sau ɗaya bai yi tsaki ba. Sai ya ɗauki wani abin gogewa mai laushi kamar ƙullin fulawa, ya dangwala, ya ɗauke launin, ya sake. Na ce masa, "Adiza baƙa ce, ka ɗauki baƙin mana ka huta." Ya ce, "Mma, babu baƙin mutum a gwangwanin nan, babu shi a duniya ma. Dubi hannunki." Na duba. Ya nuna mini ja, ya nuna mini ruwan ƙasa, ya nuna mini shuɗi a gefen jijiya. Shekara saba'in ina tare da hannun nan ban san haka yake ba.

Wata rana na ce mu bari, na ce wataƙila Allah ne ya ga dama ya ɗauke mini fuskar. Ya ajiye fensir ya ce, "To bar fuskar. Ba ni labari. In kin yi mata faɗa yaya take yi?" Na ce ai Adiza ba ta sunkuyar da kai, karkatar da shi take yi gefe, ta dube ka ta ƙasan ido, kamar kaza ta ga tsaba. Ina faɗa ina dariya, sai na tuna tabon da ke girarta ta hagu, inda ta faɗa kan kurfoti, murhun gawayi, tana rarrafe. Sai na tuna wushiryarta. Abu na ta zuwa, ina faɗa, hannunsa na tafiya, bai ɗago ba. Da ya ɗan lafa sai ya ɗauki farin fensir, ya fere shi siriri, ya ce, "Haske a ƙarshe ake sa shi." Ya ɗiga ɗan fari a kowane ido. Ya juyo mini da katakon.

Ramatu, tsaya in numfasa.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga matan gida sun fito. Sunanta na kira. Na kai hannu zan shafa kuncinta, Tica ya riƙe mini wuyan hannu, shi da bai taɓa ko taɓa mayafina ba. Ya ce, "A'a, Mma, yi haƙuri. Launin nan gari ne, zaune yake a kan takarda, bai shiga ciki ba. Yatsa ɗaya zai ɗauke mata ido. Ruwa kuwa ko ɗigo. Bari in gama ɗankwalin, in fesa masa abin da zai kama shi, ranar suna ki kai wa Safiya da hannunki." Ya rufe ta da wata takarda sirara mai shara-shara, ya sa a kwalin nan, ya ɗora a kan kabad ɗin ɗakinsa. Na ce me zan ba shi. Ya ce, "Ki daina cika mini sukari a koko." Kwana tara bayan nan ƙirjin ya kama shi. Ɗankwalin bai samu launi ba, feshin ma ba a yi ba.

Yanzu rubuta abin da na yi.

An yi addu'ar uku ranar Asabar. Ranar Lahadi da hantsi yayarsa Hajiya Memuna, wadda ta zo daga Kumasi, ta ce a share ɗakin mamaci a wanke, kamar yadda aka saba. Ban ce tana da laifi ba, ki rubuta wannan. Mace ce mai tsafta, ƙanenta ne ya rasu, kuma ba ta zauna da shi ba balle ta san aikinsa. Lariba tana ɗaya ɗakin cikin takaba, mata sun kewaye ta. Hajiya ta leƙo ta ce, "Ina mai kokon nan? Zo ki kwashe takardun nan ki samu na ƙunsa ƙosai." Na shiga. Ta tara tsofaffin jaridu da littattafan 'yan makaranta a tsakar ɗaki. Ga bokiti, ga tsumma a hannunta. Akwai wani zane jingine da bango, na masunta suna jan koma a bakin teku, ya fi shekara yana nan. Ta ce, "Kai, Haruna da ƙazanta, dubi ƙura a jikin abin nan." Kafin in buɗe baki ta kai tsumman. Shafa ɗaya. Teku da mutane da jirgi duk suka zama taɓo. Ta dubi tsumman ta ce, "Kin gani? Datti har ya canza launi." Ta jefa takardar kan tarin da zan kwashe.

Ya kamata in yi magana, na sani. Amma wace ce ni? 'Yar haya, mai koko, a gaban Hajiya, a ɗakin ƙanenta da aka binne ranar Alhamis. Na ga ta ɗaga kai tana duban saman kabad. Daidai nan aka kira ta waje, wai baƙi sun iso daga Nima. Na taka kujera, ni da gwiwar nan tawa, na sauko da kwalin. Na ajiye shi a kwance, na jibga jaridu a kai, na ɗora a kaina, na ratsa tsakar gida cike da mutane. Wata ma ta ce, "Sannu Mma Zenabu," na amsa.

Da abin ya tsaya nan, da na ce na ceci 'yata ne. Amma jiya Litinin muna zaune wajen Lariba, sai ta ɗago ta ce, "Hajiya, akwai wani kwali a kan kabad, don Allah a kawo mini shi nan kusa da ni." Aka duba, babu. Hajiya ta tashi tsaye, ta ce lallai takardun fansho ne a ciki, ta ce gidan haya ba amana, ta ce ranar Laraba bayan addu'a za a tara duk 'yan gida a gaban liman kowa ya dafa Alƙur'ani. Lariba kuwa sai hawaye kawai. Ina zaune kusa da ita har gwiwarmu na gugar juna. Matar da shekara goma sha tara in ta dafa miya sai ta zuba mini. Na yi shiru. Wannan shirun ne yake cina, ya fi ɗaukar kwalin.

Ba zan dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba, ko za a kore ni daga Maamobi. Amma ina tsoro, Ramatu. Ina tsoron a ce ɓarauniya a gaban mutanen da suka sha kokona tun suna goye. Ina tsoron maganar ta kai Madina, gidan surukan Safiya. Ina kuma tsoron in mayar, wani mai kyakkyawar niyya ya sa hannu ya share ƙura.

Yau da safe, bayan na sauke tukunya, na jawo kwalin na buɗe, don in ƙara ganinta sau ɗaya kafin in rabu da ita. Tana nan lafiya, ko gira ba ta goge ba. Na ɗaga ta da gefe-gefe yadda yake yi. Ashe akwai wata takardar a ƙasa. Na ɗage sirarar da ke kai, sai ga Lariba. Tana zaune a baranda, faranti a cinya, tabarau ya zamo mata kan hanci, tana tsince shinkafa, bakinta a ɗan buɗe kamar za ta ce a bar tsohuwa ta huta. Har furfurar da ta leƙo ta ƙasan ɗankwali ya sa. Ban san yaushe ya yi shi ba, ni dai ban taɓa ganin yana yi ba, kuma na tabbata ita ma ba ta gani ba. Ta san dai yana ji da kwalin. A bayan takardar akwai rubutu, layi uku, da hannunsa. A'a, zauna. Ba za ki karanta ba. Ni Allah ya hana ni karatu, ke kuma ni na hana ki. Ba mu aka rubuta wa ba.

Kin ga ashe ba 'yata kaɗai na ɗauko ba. Na ɗauko wa mai takaba abin da mijinta ya bar mata, na zauna a kai kwana biyu tana kuka.

To rubuta roƙona ga magada, a karanta musu gobe. Na ɗauka ba da izini ba, ku yafe mini don Allah. Ba takardar fansho a ciki, zane biyu ne. Na Adiza, in kun ga dama kun ba ni in kai wa jikata, na gode har abada. In kun ce na gado ne, naku ne, ba ni da ta cewa, ai na riga na ga fuskar, yanzu in na rufe ido tana zuwa. Abu ɗaya nake roƙo: duk wanda zai riƙe su, kada ya shafa, kada ya hura, kada ya naɗe, kada ruwa ya kusance su. A nemi wanda ya san aikin cikin waɗanda Tica ya koyar, ya fesa musu abin da ake fesawa, a sa su a gilashi. Ɗankwalin Adiza kuwa a bar shi yadda yake, kada wani ya ƙarasa.

Sai addu'a. Rubuta a hankali.

Allah ka jiƙan Haruna, ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka masa shi. Ya rufa mini asiri, Allah ka rufa masa nasa ranar da asirai za su tonu. Bai taɓa sa na ji ni jahila ce ba, Allah kada ka kunyata shi a gaban tambaya. Na ji wasu na cewa zanen fuska akwai magana a kansa. Ni ban sani ba, malamai suka sani. In akwai laifi a na Adiza, ya Allah, kukana ne ya sa shi, ka ɗora mini, ka sauke masa. Allah ka ba Lariba haƙuri da dangana, ka sa ta gama takabarta lafiya. Allah ka shirya 'ya'yansa, ka haɗa kansu, kada rabon abin da ya bari ya raba su. Allah ka saka wa Hajiya Memuna da ta baro gidanta ta zo ta tsaya. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah ka sa mu cika da imani, ba da kayan wani a ƙarƙashin gado ba. Amin.

Kin gama? Ninke takardar ki sa a jakarki, kada kowa ya gani tukuna. Liman zai ji, amma gobe. Hajiya za ta ji, in ta zage ni ma na ɗauka. Safiya kada a buga mata waya, ba a tayar da hankalin mai ciki. Akwai wadda za ta fara ji, yanzu, daga bakina, kafin matan unguwa su cika ɗakin bayan la'asar. Ba ni mayafina. Ke riƙe mini ƙofa, ki kuma kama ni ta gwiwar hannu in mun zo dakalin nan, ni zan ɗauki kwalin a kwance. Lariba za a fara faɗa wa.